Kafin ki biya kuɗin ƙofa: amsoshi kan Turancin kafintoci da masu shago a Kumasi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan ƙofa suke, daga masu gini da 'yan haya na Aboabo, Asawase, Alabar da Sabon Zango. Abin da ya haɗa su shi ne Turanci. Mu a Hausa in mun ce ƙofa, mun haɗa mashigar da ƙyauren da katakon da ke riƙe da shi, har da sakatarsa. Kafinta da mai shago kuwa kowane yanki da sunansa da kuɗinsa, kuma ko da Hausa ko Tonanci, wato harshen Ashanti, aka yi ciniki, takardar lissafi da Turanci ake rubuta ta. A nan kuɗin mutane suke zurarewa.

Tambaya daga wata Hajiya a Aboabo: Ina gina ɗakuna, kafinta ya kawo mini takarda ya rubuta “4 panel doors, 2 flush doors, 6 frames 2x6, architraves, ironmongery not included”. Ni na ɗauka kuɗin da ya faɗa na ƙofa shida ne a kafe da makullansu. Ɗana ya ce ba haka ba ne. Wane ne da gaskiya?

Hajiya, ɗanki ne da gaskiya, kuma gara da ya duba kafin ki ba da kafin alƙalami. Kalmar “ironmongery” tana nufin duk ƙarfen da ake sa wa ƙofa: hinjis da ƙyaure ke juyawa a kai, makulli, mariƙi, sakata da sukurorinsu. Tunda ya rubuta “not included”, ba ya cikin kuɗin. Sannan babu kalmar “fixing” ko “installation” a takardar, wato kafawa ma ba a yi maganarta ba. Ki sa ya ƙara layi biyu, ɗaya na ƙarafa, ɗaya na ladan kafawa, kowanne da kuɗinsa.

A bakin kafinta “door” ƙyaure ne kawai, wanda wani lokaci zai ce masa “leaf”. Katakon da ake kafawa a bango shi ne “frame”, abin da muke ce wa firem. Tsayayyun gefunansa biyu “jambs” ne, na kwance a sama “head”. Ɗan matakin da ake yankewa a jikin firem domin ƙyaure ya kwanta a ciki in an rufe, shi ne “rebate”, zurfinsa kamar rabin inci, faɗinsa daidai kaurin ƙyauren. “Architrave” siririn katakon ado ne da ke rufe tsagar da ke tsakanin firem da filasta. “Lintel” kuwa ba aikin kafinta ba ne, kankaren da birkila ke zubawa a saman mashiga ne, shi ya sa za ki ji an ce gini ya kai “lintel level”. Dokin ƙofa shi ne “threshold”.

Wannan “2x6” da ya rubuta kauri da faɗin katakon firem ne, inci 2 da inci 6, kafin a goge shi. Bayan gogewa yana raguwa kaɗan. Ki tambayi birkilanki da bulo na inci nawa aka yi bangon. In na inci 5 ne, da filastar ciki da waje bango zai kai kusan inci 6, firem ɗin zai zauna daidai. In na inci 6 ne, bango zai kai kusan inci 7, sai firem ya gaza, a bar miki baki mai muni da za a cike da siminti, wanda zai riƙa farfashewa duk lokacin da aka buga ƙyaure. A irin wannan bango 2x8 ake saya a rage shi.

“Panel door” shi ne ƙyaure na katako zalla mai allunan ado. Tsayayyun katakai biyu na gefensa “stiles” ne, na kwance “rails”, allunan da ke tsakani “panels”. Ƙarfinsa duka yana wurin haɗin: a sassaƙa harshe a bakin na kwance, a huda rami a jikin na tsaye, a cusa da gam. Sunan wannan haɗi “mortise and tenon”. Ki sa a nuna miki ƙyauren kafin a shafa masa komai, domin akwai masu haɗawa da ƙusa kawai su toshe ramin da garin katako, kuma irin wannan ba ya shekara biyu bai saki ba. Allunan kuma a cikin kwari ya kamata su zauna sakwa-sakwa, ba gam ba ƙusa, don su samu wurin motsi in yanayi ya sauya. Allon da aka danne da ƙusa shi ne wanda ke tsagewa da hunturu. Faɗin “stile” kada ya gaza inci 4, in ba haka ba ramin makulli zai cinye shi.

“Flush door” sumul yake, ƙwarangwal ne na katako aka rufe shi gaba da baya da falwud. In an ce “hollow core”, cikinsa kusan fanko ne. “Semi-solid” an ƙara katakai a ciki. “Solid core” cike yake. Ki ƙwanƙwasa da yatsa, fanko yana amsawa kamar ganga. Abu biyu za ki tambaya: ko akwai “lock block”, wato guntun katako mai kauri da ake ɓoyewa a ciki inda makulli zai zauna, da kuma gefen da yake, don kada a rataya ƙyauren a juye. Sai “lipping”, siririn katako mai ƙarfi da ke rufe bakunan falwud. Wannan ƙyaure na ɗakin ciki ne. Kada a sa shi a ƙofar waje, kuma in na banɗaki kike nufi da waɗannan biyun, mu dai shawararmu ki canza su zuwa na roba ko na alminiyam, saboda ruwan da ke fantsama yana shiga ta ƙasa ya ɓare falwud ɗin falle-falle.

Awon da aka fi yi: ƙofar ɗaki ƙafa 3 a faɗi, ƙafa 7 a tsawo, kusan milimita 900 da 2100. Ta banɗaki ƙafa 2 da rabi. Kaurin ƙyaure milimita 40 zuwa 45. Ki sa ya rubuta ko awon na ƙyaure ne ko har da firem, don bambancin ya kai inci 3 ko fiye.

Tambaya daga wani Alhaji a Asawase: Na je kasuwar katako ta Sokoban. Wani ya ce nasa “odum” ne, wani ya ce “redwood”, wani ya ce duk “hardwood” ne. An kuma yi mini maganar “bush cut” da “kiln-dried”. Wanne zan saya na firem da ƙyauren waje?

Ranka ya daɗe, a cikin kalmomin nan ɗaya ce kaɗai sunan itace, ita ce odum, wanda a Najeriya ake ce wa iroko. Yana da nauyi, gara ba ta cika damunsa ba, yana jure ruwa da rana, shi ya sa ya fi tsada. Sabon yanka rawaya-rawaya yake, in ya sha iska sai ya koma ruwan ƙasa mai duhu. “Redwood” a kasuwanninmu ba sunan bishiya ɗaya ba ne, duk katako mai ja-ja ana iya laƙaba masa. Wani mai kyau ne, wani ba ya ƙarko. In an ce maka “redwood”, ka ce a faɗa maka sunansa na gaskiya: mahogani ne, dangin maɗacinmu, ko sapele, ko dahoma, ko danta.

“Hardwood” ma tana yaudara. A wurin masana itace, duk bishiya mai faffaɗan ganye “hardwood” ce, saboda haka wawa ma, wanda farce ke shiga jikinsa, yana cikin wannan jeri, har da rimi, wanda Tonawa ke ce wa onyina. Mai sayarwa zai iya ce maka “hardwood” bai yi ƙarya ba, kai kuma ka tafi gida da katakon da bai dace da firem ba. Wawa na da amfaninsa, wajen allon zuba kankare da kayan ɗaki marasa nauyi, amma nauyinsa bai wuce kusan kashi 60 cikin 100 na odum ba, ƙwaro na son sa, sukuru kuma ba ya kama shi da kyau. Ka danna farcen babban yatsa a gefen da ba a gani. In ya bar alama mai zurfi, ka ajiye. Ka kuma sa a ɗan kankare wuri kaɗan, domin ana rina farin katako ya yi kama da odum. Rini a sama yake tsayawa, cikin fari ne. Ko a odum na gaske, farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo, wanda ake kira “sapwood”, ba shi da ƙarkon zuciyar itacen. In ka ga ƙananan huji da gari kamar fulawa na zuba, ƙwaro ya riga ya shiga.

“Bush cut” katako ne da aka tsaga a daji da injin sarƙa. Dokar Ghana ta hana yankansa don sayarwa tun 1998, duk da haka ana samunsa a kasuwa. Ban da matsalar doka, kaurinsa ba ya daidaita, wani gefen ya fi wani, kuma yawanci ɗanye ne. Na injin katako, “sawmill”, ya fi daidaito. “Kiln-dried” shi ne wanda aka busar a ɗakin zafi, “air-dried” ko “seasoned” wanda aka jera a inuwa ya bushe da kansa. Wannan magana ta bushewa ta fi sunan itacen muhimmanci in ƙyaure za a yi. Odum ɗanye zai murɗe kamar kowane katako. Abin da ake so shi ne danshin cikinsa ya sauko zuwa kashi 12 zuwa 15 cikin 100. Wasu masu aiki suna da ɗan abin awon danshi mai allura biyu, ka ce a gwada a gabanka. In babu, ka saya da wuri, a jera katakan a inuwa da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, su yi makonni kafin a taɓa su.

Kafin a kafa firem, a shafa wa bayansa da ƙafafunsa maganin gara, irin su Solignum, sau biyu, a bar na farko ya sha. Wurin nan da zai manne da bango ba za a sake ganinsa ba, kuma ta nan gara ke hawa. A riƙe kowane gefe da ƙarfe ko dogayen ƙusoshi a wuri uku cikin bango.

Tambaya daga wata amarya a Sabon Zango: Mai gidan hayarmu ya ce ɗakin yana da “trap door” da “burglar proof”. Na duba a waya, na ga “trap door” ƙofa ce a ƙasa ko a rufi. Me yake nufi?

'Yar'uwa, wayarki ta faɗi ma'anar Turancin Ingila. A Turancin Ghana, “trap door” ƙyaure na biyu ne mai ragar sauro da ake ratayawa a waje da babban ƙyaure, don a bar ƙofa a buɗe iska ta shiga sauro bai shiga ba. Aikin da asabari da labule ke yi ne, aka ƙara masa raga. Ki duba abu uku: ragar ba ta yage a kusurwa ba, akwai sifirin da ke mayar da ƙyauren ya rufe da kansa, kuma tsagar ƙasa ba ta kai yatsa ya shige ba. In akwai yara, a sa waya mai kauri ko falle na katako a rabin ƙasa, don nan suke turawa da hannu da ƙafa.

“Burglar proof” kuma shingen ƙarfe ne da mai walda ke yi wa ƙofa da taga. Roƙonmu a nan ɗaya ne, kuma da gaske muke: in kwaɗo ake sa masa da dare, makullin ya kwana a wuri ɗaya da kowa a ɗakin ya sani, kusa da ƙofar, inda hannu daga waje ba zai kai ba. Ƙarfen da ke hana ɓarawo shiga shi ne ke hana mutum fita in gobara ta tashi. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, ko 112.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Alabar: Zan sayi “security door”. Mai shago ya tambaye ni “left or right”, “single or one-and-half”, “China or Turkey”. Na ce zan dawo.

Ka kyauta da ka ce za ka dawo, Malam, domin ƙofar ƙarfe da firem ɗinta take zuwa a haɗe, ba a juya ta kamar ta katako. In ka saya ba daidai ba, ko dai ka roƙi canji ko ka zauna da ƙofar da ke buɗewa ta tare hanya.

Kada ka dogara da “left” ko “right” kaɗai. Masu ƙera ƙofofi ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba, wani daga waje yake lissafi, wani daga inda ƙyauren ke buɗewa. Ka tsaya a wajen ɗakin kana fuskantar mashigar, ka yanke abu biyu: hinjis a hannun dama za su kasance ko hagu, kuma ƙyauren ciki zai buɗe, “inward”, ko waje, “outward”. Ka zana a takarda. A shago ka tsaya gaban ƙofar ta fuskar da za ta kalli waje, ka buɗe ta da hannunka ka gani. Ƙyaure ya buɗe ya kwanta a jikin bango mafi kusa, kada ya rufe makunnin wuta. A gidan haya mai siririn baranda, mai buɗewa waje yana iya bugun mai wucewa.

“Single” ƙyaure ɗaya ne. “One-and-half” babba da ƙarami ne, faɗinsu kusan ƙafa 4, ƙaramin yana zama a sakace sai ranar shigar da kujeru ko firiji. “Double” biyu ne daidai wa daida, ƙafa 5 ko fiye. Sai dai “ƙafa 3” ta mai shago ba lallai ta zama ta birkila ba. Yawancin ƙofofin da ake shigowa da su da milimita aka yi su, za ka ga 860 ko 960 a faɗi, 2050 a tsawo, har da firem. Ka auna mashigarka a wuri uku, sama, tsakiya da ƙasa, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, ta fi firem ɗin da milimita 10 zuwa 20. Tsawo kuma daga inda tayil zai ƙare ake aunawa, abin da ake rubutawa “finished floor level”. In ba a zuba daɓe da tayil ba tukuna, ka tuna za su ci kusan inci 2. Masu mantawa da wannan su ne ke wayar gari ƙyaure na gogar tayil, ƙarfe kuwa ba a kankare shi.

“China” da “Turkey” sunan ƙasa ne, Sin da Turkiyya, ba ma'aunin inganci ba. Kowace na fitar da mai kyau da marar kyau. Tambayar da ta fi ita ce kaurin ƙarfen, “thickness” ko “gauge”. Fallen ƙyaure mai rabin milimita yana loɓawa in ka danna da tafin hannu. Ka nemi wanda ya kai milimita 0.8 zuwa sama, firem kuma 1.2 zuwa sama. In da “gauge” aka faɗa maka, ka sani lissafinsa a juye yake, ƙaramar lamba ita ce mai kauri, 18 ya fi 22. Ka tambayi abin da ke cikin ƙyauren: “honeycomb” kwali ne mai siffar saƙar zuma, “rock wool” kuwa wata auduga ce ta dutse da ke rage ƙara da zafi. Wajen kafawa, a cika cikin firem da kwaɓin siminti, a ɗaure shi da bango da kusoshin ƙarfe masu buɗewa a rami, a tabbatar ya tsaya cak da lebul kafin siminti ya kama. Firem na fanko ana iya buɗa shi da ƙarfe komai yawan harsunan makullin.

Wani abu da masu shago ba su cika bayani ba: da yawa daga cikin waɗannan ƙofofi suna zuwa da makulli iri biyu, ɗaya ko biyu a waje na ma'aikata, “construction key”, sauran a leda a rufe na mai gida. A irin wannan tsari, da zarar ka juya naka, na ma'aikata ya daina buɗewa. Saboda haka kada ka buɗe ledar sai aiki ya ƙare, kuma ka tambaya ko taka haka take.

Tambaya daga wani ɗalibi: Na kama ɗaki, ban san mutum nawa ke da makullin ba. Sai na canza makulli duka?

Ba lallai ba, ƙanena. Ka fara sanar da mai gidan, sannan ka duba irin makullin. In jikinsa a cikin katakon ƙyaure yake a ɓoye, “mortise lock” ke nan. Ka ga kalmar nan “mortise”, wato rami, ta sake dawowa. In a manne yake a bayan ƙyaure, “rim lock” ne. A bakin ƙyauren za ka ga harshe biyu. Mai gangare da ke komawa ciki in an tura ƙofa shi ne “latch”, aikinsa riƙe ƙyaure kawai, ba tsaro ba ne. Mai kusurwa huɗu da sai an juya makulli yake fitowa shi ne “deadbolt”, shi ne kullewa. Ƙarfen da ke jikin firem inda suke shiga “strike plate” ne ko “keep”.

In makullinka ɗan fale-fale ne mai haƙora, to yana shiga wani guntun ƙarfe da ake kira “cylinder”, kuma shi kaɗai za ka canza. Buɗe ƙofar, kwance doguwar sukuru ɗaya da ke bakin ƙyaure a ƙasan harshen, sa makulli ka ɗan juya shi kaɗan kana ja, zai zaro. Ka auna daga ramin sukurun zuwa kowane ƙarshe, za ka samu kamar 30 da 30 ko 35 da 35 a milimita, jimla 60 ko 70. Gara ma ka tafi da shi shago a Adum ko Kejetia a gwada. Kada sabon ya leƙo waje fiye da milimita 3, don wanda ya fito da yawa ana kama shi a karya. Akwai mai ɗan maɓalli ta ciki maimakon makulli, “thumbturn”, yana da kyau ga mai kwana shi kaɗai saboda fita da sauri, sai dai ba a sa shi kusa da gilashi ko taga. Ka adana tsohon, ka mayar ranar tashi.

In makullin dogo ne irin na da, to “lever lock” ne, sai an canza jikin duka. A nan “lever” faranti ne a cikin makullin: “2-lever” na ɗakin ciki ne, makullansa ba su da yawan bambanci, na maƙwabci ma na iya buɗewa, na ƙofar waje “5-lever” ake so. Kada ka rikita shi da “lever handle”, wanda mariƙi ne kawai. Za ka ga sunaye irin su Union da Yale a kwali, amma jabu sun yi yawa, ka duba nauyi da tsabtar rubutun da aka buga a jikin ƙarfen.

Kwaɗo shi ne “padlock”, abin da ake maƙala shi “hasp and staple”, sakata kuma “tower bolt”. Kwaɗo mai tsada a kan ƙarfen da sukurorinsa ke waje ɓarnar kuɗi ne, sukuddireba kawai ɓarawo ke bukata. A sa irin wanda in an rufe yake danne sukurorinsa, ko a huda a sa ƙusa mai noti ta ciki. Ka riƙe maganaɗisu in za ka sayi hinjis: tagulla ta gaske ba ta kama shi, ƙarfen da aka yi wa ruwan tagulla yana kamawa. Makulli in ya yi tauri, a goga masa bakin fensir, kada a ɗura manja ko baƙin mai, suna tara ƙura su daskare.

Tambaya daga wata baiwar Allah: Mahaifiyata ba ta karanta Turanci, tana zuwa asibiti da banki ita kaɗai. Waɗanne kalmomin jikin ƙofa zan koya mata?

Biyu sun fi kowanne: “Push” tura, “Pull” ja. Da harafi ɗaya suke farawa, tsawonsu ɗaya, don haka ki nuna wa Mama ƙarshensu, mai haruffa biyu iri ɗaya a ƙarshe shi ne ja. “Slide” a zuge gefe. “Entrance” mashiga, “Exit” mafita, “Emergency exit” mafitar gaggawa, yawanci da koren allo. “No entry” da “Staff only” ba a shiga. A banɗaki “Vacant” babu kowa, “Engaged” ko “Occupied” da mutum. In ma'aikaciya ta ce “close the door” ko “shut the door”, rufewa take nufi. “Lock” ne kullewa.

Tambaya daga wani malamin makarantar allo: Ƙofar ɗakina tun da damina ta kama sai da kafaɗa nake rufe ta. Kafinta ya ce zai yi mata “planing”. In bar shi?

Allah ya gafarta Malam, a dakata tukuna. “Planing” kankare bakin ƙyaure ne, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Katako yana shan danshi ya kumbura da ruwan Afrilu zuwa Yuli da na Satumba da Oktoba, sannan ya tsuke in hunturu ya busa daga Disamba. Ƙyauren da aka rage sosai a watan Yuni, a Janairu za a ga haske ta gefensa, harshen makulli ma ya kasa kai wa raminsa.

A fara gano ciwon, don kowanne da sunansa da maganinsa. A buɗe ƙyauren rabi, a kama mariƙi a ɗaga sama. In ya motsa, “sagging” ne, ya sunkuya saboda sukurorin hinji na sama sun saki, alamarsa kuma kusurwar sama ta gefen makulli na gogar firem, ko ta ƙasa na jan daɓe. Wannan ba ya bukatar kankara. A kwance sukurun, a cusa tsinken ashana ko siririn katako da gam a ramin, a bar shi ya bushe, a mayar da sukuru mafi tsawo. Ƙyaure na katako zalla hinjis uku yake so, na inci 4: ɗaya inci 6 daga sama, ɗaya inci 9 daga ƙasa, ɗaya a tsakiya. Sau da yawa biyu ake sawa, kuma a buga sukurun da guduma maimakon a murɗa shi, sai zarensa ya yayyage katakon tun ranar farko.

In ƙyauren na komowa da kansa kafin ya gama rufuwa, “binding” ne, an nutsa hinjin cikin katako fiye da kima. Ɗan kwali a bayan hinjin yana gyara shi. In sama ta taɓa firem ƙasa ba ta taɓa ba, “warped” ne, ya murɗe. A ja zare biyu daga kusurwa zuwa kusurwa su gicciye. In ba su haɗu a tsakiya ba, murɗewa ce, kuma kankara ba ta maganinta. Ƙarama ana rage ta da matsar da hinji ɗaya waje kaɗan, babba sai sabon ƙyaure.

In duk wannan lafiya, to kumburi ne, abin da kafinta zai ce “swollen” ko “sticking”. A shafa alli a bakin ƙyauren, a rufe a buɗe, inda allin ya koma jikin firem nan ne kaɗai za a taɓa. A rage kaɗan-kaɗan har a samu tsagar milimita 2 zuwa 3 a gefe da sama, milimita 6 zuwa 10 a ƙasa. In ragin da yawa ne, a cire ƙyauren a rage ta gefen hinjis, a sake nutsa su, don kada a taɓa wurin makulli. Daga nan a shafe duk inda aka kankare a ranar, da “sanding sealer”, wato shafin farko da ke toshe jikin katako, sannan banish ko fenti sau biyu. Tunda an riga an sauke ƙyauren, a kwantar da shi a shafe bakinsa na sama da na ƙasa, waɗanda masu fenti ke tsallakewa don ido ba ya kai musu, alhali ta nan ne ya fi shan ruwa.